Wata na biyar bayan an rage min tumbi, gashi na zuba, dangi sun ce asiri ne

Maman Ihsan
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wadda aka taɓa yi wa aikin rage tumbi, ko wanda yake zaune da wanda aka yi wa, ya taimaka min da shawara. Ni silib aka yi min a Alƙahira, wato wanda ake yanke mafi yawan tumbin a cire, yanzu na shiga wata na biyar. Kafin aikin nauyina ya haura kilo 130, ga hawan jini ga suga ta fara shigowa, gwiwa kuwa ba a magana dan salla ma a kan kujera nake yi shekara da shekaru. Alhamdulillah na sauke kusan kilo 30, yanzu ina sa goshina a ƙasa in yi sujada, ranar da na fara wlh sai da na yi kuka a kan darduma. Amma gashina yana zuba sosai, duk sanda na taje kai sai na kwashe dunƙule guda a jikin mataji, mai kitso ta ce gaban goshin babu abin kamawa, ga jiri in na miƙe da sauri, sannan abin da ya fi damuna mutane, dan ban gaya wa kowa ba sai maigida da yayata, yanzu dangin miji wasu na cewa asiri aka yi min wasu na raɗe-raɗin ciwon zamani ne, surukata kullum sai ta aiko da rubutu da kwanon tuwo cike ta ce in cinye. Ga azumi yana matsowa ban san ko zan iya ba.

Hajiya Ta Gwammaja
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ƙara sauƙi. Zubar gashin nan kar ta tayar miki da hankali, ni ma na yi ta, sai da na daina cire ɗankwali ko a ɗaki. Ya dawo. Bai dawo da cikarsa ta da gaba ɗaya ba amma ya dawo.

Anti Nas
Maman Ihsan sannu. Gashi yakan fara zuba daga wajen wata na 3 zuwa na 6, kina daidai lokacin kenan. Jiki ne ya ga an yi masa babban aiki kuma abinci ya ragu farat ɗaya, sai ya ajiye gashi gefe ya kula da abin da ya fi muhimmanci, yawanci kafin shekara yana tsayawa sabo ya fito. Man kitso da su man darbejiya ba za su tsayar da shi ba dan daga ciki matsalar take. Abin da zan tambaye ki, furotin, wato sinadarin gina jiki, nawa kike samu a rana? Ana so ki samu giram 60 zuwa 80. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai fa, kinga sai an dage. Sannan yaushe rabonki da gwajin jini? Jirin nan ko ƙarancin ruwa ne, ko ƙarancin jini, ko kuma har yanzu kina shan maganin hawan jini yadda kike sha da kina kilo 130 alhali jinin ya sauka. Wannan na ƙarshen muna ganinsa sosai.

Maman Ihsan
Anti gsky tunda na dawo sau ɗaya aka min gwaji. Maganin hawan jinin ina nan ina shan shi yadda yake, babu wanda ya ce in canza.

Anti Nas
To gobe in Allah ya kai mu ki je a auna miki, a zaune da kuma a tsaye, ki tafi da duk magungunanki a leda likita ya gani. Kar ki daina da kanki, shi zai rage miki. Ki ce a duba jini gaba ɗaya, da ayon wato sinadarin ƙarfe na jini, da feritin wato ajiyarsa a jiki, da B12, da bitamin D, da kalsiyam, da suga ta wata uku. Ƙa'ida ana yi a wata 3, wata 6, shekara, daga nan kuma duk shekara har ƙarshen rayuwa.

Abu Hanif
Ni dai ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Me ya kai mutum ya je a yanke masa cikin da Allah ya halitta lafiya lau? Tumbin nan ba ciwo yake ba fa. A rage ci a dinga tafiyar ƙafa da asuba, kakanninmu wa aka yanka a cikinsu? Yanzu ga shi an kashe miliyoyi an dawo ana kukan gashi da jiri. Son sauƙi ne ke kai mu.

Baban Sadiq
Abu Hanif, ɗan uwa, da ka taɓa ɗaukar wannan jikin da ba ka ce son sauƙi ba. Ni baifas aka yi min a Indiya, wato wanda ake sa abinci ya tsallake mafi yawan tumbin, na shiga shekara ta uku. Kafin nan babu abin da ban yi ba, na daina cin shinkafa, na yi rajistar wajen motsa jiki, na sha shayin rage ƙiba kala kala na masu talla a mota, ina sauke kilo 10 sai 15 su dawo. Da daddare numfashina ɗaukewa yake, uwargida ta dinga girgiza ni dan ta ji minsharin ya tsaya cak, da rana kuma ina tuƙi barci na fizgata a danja. Ina allurar insulin safe da yamma. Likitana na nan gida shi ya ce min Alhaji ƙodarka ta fara nuna alama. Wanne ne sauƙin a nan? Kakannin da kake faɗa noma suke yi da fartanya tun asuba, ba su san lemon kwalba ba, ba su san zaman ofis da mota ba.

Abu Hanif
Allah ya ƙara lafiya Alhaji, ban faɗa dan in ɓata wa kowa ba. Amma a addinance fa? Ba canza halitta ba ne?

Malam Na Tudun Wada
Canza halittar da aka hana shi ne wanda ake yi dan ƙawa kawai ba tare da lalura ba. Wanda ƙiba ta zame masa cuta, ta jawo masa suga da hawan jini ta hana shi sujada, likitoci amintattu suka ce ga maganinta, wannan neman magani yake yi, kuma Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya yi umarni da neman magani. Yadda ake cire ƙari ko a yanke ƙafar mai suga dan a ceci sauran jiki. Sai dai wadda ƙibarta ba ta kai ba, tana so ne kawai ta shiga wata riga ranar biki, wannan maganarta daban. Allah ne mafi sani.

Dakta Zazzau
Bari in ƙara a kan maganar Malam, dan a san ba kowa ake yi wa ba. Muna amfani da ma'aunin BMI, wato ka raba nauyinka na kilo da tsayinka na mita sau biyu. Tun 1991 ƙa'idar ita ce 40 zuwa sama, ko 35 in akwai cuta irin suga ko hawan jini ko ɗaukewar numfashi a barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35, har 30 ga mai sugar da ta ƙi jin magani. A silib ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba, kuma ɓangaren da aka cire shi ne ya fi fitar da sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa watannin farko mutum ko tunanin abinci ba ya yi. A baifas kuma ana ware 'yar ƙaramar jaka a saman tumbi wadda ba ta wuce mililita 30 ba, a haɗa ta da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Abu Hanif, dalilin da ya sa rage ci kaɗai ba ya riƙe masu ƙiba mai tsanani shi ne jiki yana yaƙi ya koma nauyinsa na da, yana ƙara yunwa yana rage ƙona abinci, ba ragwanci ba ne. Akwai babban bincike da aka fara a Suwidin a 1987 aka bi mutane dubbai shekaru masu yawa, waɗanda aka yi wa aikin sun fi waɗanda ba a yi wa ba tsawon rai kuma suga ta fi barinsu. Amma ni abin da ke ci min rai a nan gida ba aikin ba ne, bayansa ne. Mutum zai je Masar ko Indiya ko Turkiyya, kwana kaɗan a sallame shi da fayil da lambar WhatsApp, ya hau jirgi, bayan wata biyu lambar ta daina amsawa, shi kenan babu mai bibiyarsa. Sai ya zo mana bayan shekara biyu jini ya ƙare ƙafa tana mutuwa ba ya iya tsayuwa, kuma bai ma faɗa mana an yi masa aiki ba sai mun ga tabon hujin a ciki.

Ummu Haidar
Dakta wlh ka faɗi gaskiya. Wata ƙawata bayan shekara ta ce ai ta warke, ta ajiye bitamin ɗin saboda tsada, dan gsky kuɗinsu ba wasa ba yanzu, sai ga ta tana mantuwa tana jin tafin ƙafarta ba nata ba. B12 ne ya ƙare. Yanzu allura ake mata.

Dakta Zazzau
Haka ne. Bitamin ɗin nan har abada ne, musamman ga mai baifas. Wanda ya san ba zai iya sayensu duk wata ba da kuɗin gwaji, to ya sa wannan a lissafi tun kafin ya sayi tikiti. Sannan duk wanda yake amai kullum kullum sama da 'yan kwanaki bayan aikin kar ya zauna a gida, bitamin B1 yana ƙarewa cikin makonni kaɗan kuma rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da ido da tafiya, in aka makara ba ya gyaruwa duka.

'Yar Maraɗi
Maman Ihsan ni maganar dangin ce ta tsaya min. Mu fa a wajenmu mace in ta rame to mijin ne ba ya ciyar da ita ko kishiya ta sa ta gaba. Amarya ana ɗura mata fura da kunu kafin biki dan ta cika ido, 'yan mata suna sayen sha ka fashe a kasuwa, ƙwayoyin da likita ya san na asma ne ko na ƙaiƙayi su suna sha dan su yi ƙiba, fuska ta kumbura ana cewa ta yi kyau ta samu hutu. To mutanen da suka tashi a haka ki zo ki sauke kilo 30 cikin 'yan watanni ba ki ce musu komai ba, me kike so su ɗauka? Surukarki ba mugunta take ba, tsoro take ji, kwanon tuwon nan ƙauna ce. Ni a ganina ki faɗa mata.

Maman Ihsan
Hmm 'yar uwa, in na faɗa mata gobe duk dangi sun ji, za a ce na kwashe kuɗin ɗansu na kai wa Larabawa dan in zama 'yar gayu. Kuma kuɗin ma filina na gado na sayar.

Hajiya Ta Gwammaja
'Yata ki ji ta nan. Ba ke za ki faɗa ba, ɗanta ne zai faɗa. Ya je ya same ta ita kaɗai bayan isha, ya ce Hajiya likita ne ya ce in ba a yi mata aiki a ciki ba suga da hawan jini za su kwantar da ita, an yi kuma an dace, yanzu cikinta ba ya ɗaukar abinci da yawa, in ta ci fiye da ƙima amai take. Shi kenan. Uwa in ta ji daga bakin ɗanta cewa magani ne, ita da kanta za ta dinga kare ki a wajen masu surutu. Ni nawa surukan sun rasu, amma yayyen maigida sai da suka zo har gida da mai ruƙiyya. Da Alhaji ya zaunar da babbar ya yi mata bayani, ita ce ta koma tana aiko min da kindirmo daga rugar da take saye. Rubutun kuwa ki karɓa ki kurɓa kaɗan kaɗan ki yi godiya, tuwon ki ba yara.

Ummu Haidar
Ni dai ban yarda dole sai an faɗa wa kowa ba. Lafiyar mutum sirrinsa ce. Amma zargin ciwon zamani ba ƙaramin abu ba ne a gidan aure, yana iya taɓa har yaranki a makaranta, saboda wannan kaɗai na goyi bayan Hajiya.

Baban Sadiq
Mu maza ma ba mu tsira ba. A kasuwa an ce karayar arziki ce ta sa na rame, har wani ya zo a ɓoye yana tambaya ko bashi ne ya yi min yawa zai taimaka, Allah ya saka masa. Abin da ya fi wuya shi ne cin abinci a taro. An saba ni ne mai buɗe tire, yanzu loma huɗu biyar na ƙoshi, mai gida ya ga kamar na raina abincinsa. Sannan ku masu silib kun ɗan huta da dampin, wato rikicewar jiki bayan shan abu mai zaƙi. Wata rana a wajen ɗaurin aure aka miƙo min zoɓo mai sanyi an zuba masa suga sosai, na sha rabin roba, ko minti ashirin ba a yi ba zufa ta karyo min, zuciya na bugawa kamar za ta fito, ciki na juyawa, sai da aka kwantar da ni a bayan mota. Suga ce take faɗawa hanji kai tsaye ba tare da tumbi ya riƙe ta ba. Wani lokacin kuma sai bayan awa biyu sugar jini ta faɗi ƙasa ka ji kana rawa. Tun daga nan ruwa kawai nake karɓa a taro. Insulin kuwa Alhamdulillah an ɗauke min tun watannin farko, ƙwaya ɗaya ta rage.

Maman Twins
Dan Allah me kuke ci ne? Ni sati na shida kenan kuma duk takardar da suka ba ni abincinsu ne na can, wasu ko sunansu ban taɓa ji ba. Na gaji da ruwan farfesu.

Anti Nas
Maman Twins kin kusa fita ai. Sati biyun farko ruwa ruwa, sai sati biyu na markaɗaɗɗe, sai mai laushi, wajen sati 6 zuwa 8 ake fara komawa abinci sosai a hankali. Abincinmu ya isa wlh ba sai na kanti ba. Alale mai laushi, dafaffen ƙwai ko wainarsa ba mai da yawa, kifi a farfesu a cire ƙaya, awara dafaffiya ba soyayya ba, kindirmo ba suga, faten wake da ya dahu luguf, naman kaza da aka dafa ya yi laushi a miya, hanta kaɗan saboda ayon. Miyar kuka da ta kuɓewa suna taimakawa abu ya wuce. Ki fara da furotin ɗin kafin komai, sai ganye, in wuri ya rage ki sa tuwo cokali ɗaya ko biyu. Ƙaramin faranti, ƙaramin cokali, ki tauna har ya zama ruwa a baki, ki ɗauki minti 20 zuwa 30. Kar ki haɗa ci da sha, ki bari sai bayan rabin awa. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana amma kurɓa kurɓa, gora a hannu duk inda za ki. Lemo mai gas ki manta da shi.

Hajiya Ta Gwammaja
Ki kiyayi tuwon shinkafa da burodi sabo da taliya a farkon nan, dunƙulewa suke su tsaya a ƙirji, ki ji kamar an sa miki dutse, yawu ya dinga taruwa sai kin yi amai. Kilishi da tsire da balangu ma sai can gaba, busasshen nama wuya yake. Ni sai da na kusa shekara kafin na iya cin tsire yanka uku.

Maman Twins
Na gode Anti, na gode Hajiya. Fura fa? Dan ita ce take wuce min ba wahala.

Anti Nas
Wucewar da take ba wahala ita ce matsalarta. Duk abin da yake ruwa ruwa mai suga, fura da aka dama da suga, kunun aya, kunun gyaɗa, shayi mai madarar gwangwani, askirim, duk suna zarcewa ba su cika tumbin ba, za ki sha kofi bayan kofi ba ki ji komai ba. Da su da ciye ciyen cincin da biskit tsakanin abinci su ne suke dawo wa mutane da ƙiba. Nonon ki sha, furar ki sa 'yar kaɗan, ba suga.

Uwar Gida Sakkwato
Wannan batu na dawowar ƙiba a yi maganarsa da gaske dan masu tallan asibitocin waje ba sa faɗa. Ni shekarata ta biyar. Shekara ɗaya da rabi na farko nauyi sauka yake ko me na yi, daga nan ya tsaya, yunwa ta dawo, cikin ya ɗan saki yana ɗaukar fiye da da. Daga shekara ta biyu zuwa yanzu kilo 9 sun dawo cikin 45 da na sauke. Likitana ya ce dawowar kaɗan abu ne da aka saba gani, abin tsoro shi ne a sake baki gaba ɗaya. Abin da na lura da shi a kaina, da can in raina ya ɓaci kicin nake shiga, aikin ya rage cikin amma bai taɓa ɓacin ran ba. Akwai lokacin da na shiga damuwa sosai a shekara ta biyu, ga jiki ya yi kyau kowa na yabawa ni kuma ina kuka a ɗaki ban san dalili ba, sai da na ga likitan ƙwaƙwalwa. Kar wadda ta ji haka ta ɓoye. Sannan fata. Hannuna da cinya da ƙasan ciki duk sun saki, lokacin zafi ƙasan fatar cikin yana jiƙewa ya yi ja ya saɓule, kullum sai na wanke na goge ya bushe sosai na sa hoda. Ana aikin cirewa amma sai nauyi ya tsaya cak na watanni, kuma wani kuɗin ne daban, ni ban yi ba. Duk da haka in aka mayar da ni baya zan sake yi, bara na yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafata, wancan zuwan a keke aka tura ni.

Maman Ihsan
Allahu akbar. Anti na gode da kika faɗi wannan, dan ni ma wani lokacin in na kalli madubi sai in ji kamar ba ni ba, kuma ina jin kunyar maigida ya ga hannuna.

Uwar Gida Sakkwato
Zai wuce ƙanwata, ido yana daɗewa kafin ya saba. Ki fara ɗan ɗaga abu mai nauyi ko gorar ruwa ce, da tafiya kullum, tsoka in ta ginu tana rage sakin. Kuma ki yi magana da shi, kar ki bari shiru ya shiga tsakaninku.

Ummu Haidar
Tunda an zo maganar maigida, mata a kula da batun ciki. Da yawa ƙiba ce ta hana su haihuwa, al'ada ba ta zuwa daidai, to nauyi na fara sauka ƙwai yake dawowa. Ƙanwata shekara takwas ba haihuwa, wata bakwai da aiki sai ga ciki, murna ta koma fargaba dan ita kanta ba ta cin abin kirki balle ɗan ciki, ta sha ƙarin ruwa da ƙarin jini, yaron ya zo ƙarami amma Alhamdulillah yana nan lafiya.

Dakta Zazzau
Shi ya sa muke cewa a jira wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki, lokacin nauyi ya daidaita. Mai baifas kuma kar ta dogara da ƙwayar tazarar haihuwa ta sha dan hanji ba ya tsotse ta yadda ya kamata, ta je a zaɓa mata wata hanyar. Wani abu kuma da nake roƙon kowa, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da Feldene da ake miƙo wa mutum a kemis ko ya ce bayansa ke ciwo, ku guje su, suna haddasa gyambo a wurin ɗinkin har ya fashe, ga mai baifas haramun ne a likitance. Parasitamol ya isa, in bai yi ba a zo asibiti. Haka haɗin gargajiya da ba a san me ke ciki ba, da taba sigari da shisha. Ciwo mai tsanani a dama ƙarƙashin haƙarƙari bayan cin maiƙo kuma a yi hoton ciki, saurin ramewa yana kawo tsakuwa a matsarmama. Masu silib wasu suna fama da ƙwannafi, a daina ci awa uku kafin kwanciya a ɗaga matashi, in ya ƙi a dawo a duba.

Sabon Ango
Dakta ni tambayata, tunda yanzu akwai allurar Ozempic da Mounjaro da ake yi dan rage ƙiba, ba gara mutum ya yi su ba a kan a yanka shi? Nauyina 118.

Dakta Zazzau
Suna aiki, kuma ga wasu sun wadatar. Amma sati sati ake yi, da tsada, kuma mafi yawan mutane in sun daina nauyin yana dawowa. Ga jabu, a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan Ozempic na bogi da aka kama a wasu ƙasashe, dan haka wadda ake tallarta a Instagram ba takardar likita ka bar ta. 118 kaɗai ba ta gaya min komai sai na san tsayinka da sugarka da jininka. Ka je a duba ka, a fara daga inda ya dace.

Maman Ihsan
Dakta, Malam, saura maganar azumi dan Allah. Raina yana so, ban taɓa shan azumi ba sai na haihuwa.

Dakta Zazzau
A wata na biyar ko na shida, ga jiri, ga gwaji ba a yi ba, ga zafin garinmu, ni ba zan ba ki shawarar ki yi na bana ba. Da yawan likitocin fannin suna cewa a jira wata 6 zuwa shekara, kuma sai an ga mutum yana ci yana sha lafiya. Lissafin a fili yake, tsakanin magariba da asuba ake so ki shigar da ruwa lita ɗaya da rabi da furotin giram 60 da magunguna, a cikin da ba ya ɗaukar kofi guda a lokaci ɗaya kuma ba a haɗa ci da sha, ga barci. Ba zai shiga ba. Ƙarshenta ƙarin ruwa a asibiti ko ƙoda ta taɓu.

Malam Na Tudun Wada
Malama, Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, ya sha ya rama a wasu kwanakin. Tunda likita ya ce zai cutar da ke, karɓar rangwamen shi ne daidai, ba ragin imani ba ne. Naki ramuwa ce ba ciyarwa ba tunda ana sa ran za ki iya nan gaba, ki bari lokacin sanyi da rana gajera ki rama a hankali in likita ya ba ki dama. Karatun Alƙur'ani da tarawihi da sadaka duk suna nan a buɗe gare ki.

Baban Sadiq
Ni na farko ban yi ba, na biyu na yi lafiya lau. Yadda nake yi, in an kira salla ruwa nake fara kurɓa da dabino ɗaya tak, dan uku suna tayar min da dampin, in yi magariba, sai ƙwai ko farfesun kifi, bayan tarawihi in ci abinci kaɗan, gora tana gefena har in kwanta, sahur kuma kindirmo da alale, ina jinkirta shi har dab da asuba. Ƙosai da soyayyen dankali da kunun tsamiya mai suga da ake jerawa a faranti, ido kawai nake ba su.

Maman Twins
Anti Nas tambaya ta ƙarshe, kalsiyam ɗin da suka rubuta min ban samu irinsa ba a unguwarmu, mai kemis ya ba ni wani ya ce duk ɗaya ne.

Anti Nas
Ba ɗaya ba ne. Duba jikin kwalin, wanda ake so mai sitiret ne dan shi ba ya buƙatar ruwan tsamin tumbi kafin ya narke, wanda ya fi yawa a kemis mai kabonet ne, in shi kaɗai kika samu to ki sha shi tare da abinci kafin ki samo wancan a manyan shagunan magani. Kuma kar ki haɗa shi da ayon lokaci ɗaya, ki raba su da awa biyu, ayon ɗin ma kar ki kora shi da shayi. Ɗauki hoton kwalin gaba da baya ki turo min ta akwatin saƙo in gani.